Fayif a tsaye, fayif a kwance

Shagona na walda yana Suame Magazine a Kumasi, ni da yara huɗu. Get muke yi, da rumfa, da ƙarafan da ke ɗaukar kwanon rufi, kuma kusan duka da fayif ne.

Wani Alhaji daga Aboabo ya zo zai yi rumfar ajiye mota. Ya ɗaga fayif ɗaya, ya leƙa cikinsa, ya ce, "Masta, wannan ai iska za ka sayar mini. Sa mini rodi mai ciki." Na ce, "Alhaji, gora ma cikinta fanko ne, amma da ita magina ke tokare rufin kankare."

Idan nauyi ya hau ƙarfe, samansa ne ke matsewa, ƙasansa ke miƙewa. Tsakiya 'yar rakiya ce. Shi ya sa ake kwashe ƙarfen daga tsakiya a kai shi gefe. Fayif mai kusurwa huɗu, mai milimita 50 da 100, kaurin bango milimita 3, nauyinsa ɗaya da rodi mai faɗin milimita 33, amma in fayif ɗin na tsaye a kan ƙaramin gefensa, rodin zai lotsa kusan sau 20 fiye da shi. Alhaji bai gamsu ba sai da muka ɗora su kan bulo biyu ya taka da kansa.

Abin da ke haɗa ni faɗa da yarana kuwa shi ne kwanciya. Wancan fayif ɗin, in ka tsayar da shi a kan ƙaramin gefensa, ya fi na kwance taurin kai sau 3. Ƙarfe ɗaya, kuɗi ɗaya. Wani yarona ya taɓa kwantar da su duka a rufin wani shago, wai sun fi kyan gani kuma kusar kwano ta fi samun wurin zama. Kafin damina ta fita tsakiyar rufin ta yi ciki kamar tasa. Da aljihuna na kwance shi.

Ga ginshiƙi ina son zagayayye ko mai kusurwa huɗu daidai, don ta ko'ina ka ture shi ƙarfinsa kusan ɗaya ne. Zagayayyen ya fi jure murɗawa, sai dai haɗa shi wahala: sai ka fafe bakin da giranda ya rungumi ɗan'uwansa kafin ka sa wuta.

Kauri ma ba na yarda da bakin mai sayarwa, ma'aunina na aljihu. A ce maka milimita 1.5 ne, ka auna ka ga 1.2. Irin wannan fayif, walda na huda shi, kuma bangonsa na lomawa kamar gwangwanin madara tun nauyi bai kai ko'ina ba. Bakin kowane fayif muna toshewa, in ba zai toshu ba mu huda ƙasansa ruwa ya fita, don tsatsa daga ciki take fara ci.

Manyan ɗakunan ajiya masu faɗi ba na taɓawa sai da zanen injiniya. Rumfar Alhaji dai tana nan, har ya aiko a ƙara masa ta keke.