Abin da aji ya koya mini game da sakandare kyauta

Ina koyar da lissafi a wata babbar sakandare ta gwamnati a Kumasi, ƙasar Ghana, tun kafin a kawo tsarin Free SHS, wato karatun babbar sakandare kyauta, saboda haka na ga zamani biyu. Kafin Satumbar 2017, lokacin da gwamnatin Nana Akufo-Addo ta ɗauke wa iyaye kuɗin makaranta, yaro daga unguwannin zango irin Aboabo ko Asawase zai ci jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, a ba shi gurbi, amma takardar ta ƙare a ƙarƙashin katifa don babu kuɗin shiga. Yau 'ya'yan masu koko da ƙosai da 'ya'yan mahauta suna zaune a gabana. Duk mai cewa tsarin nan bai amfani zango ba, to bai leƙa aji ba.

Sai dai ɗalibai sun fi azuzuwa yawa. Shi ya sa a 2018 aka raba su rukuni biyu, kore da ruwan zinariya, wani yana makaranta wani yana gida. A nan idona ya buɗe. Mai hali yakan biya wa ɗansa malamin lesin ya cike dogon hutun. Ɗan zango kuwa ya hau keken pragya, wato babur mai ƙafa uku, yana jigilar fasinja, yarinya ta bi uwarta kasuwar Kejetia. Su dawo, in rubuta lissafin da muka gama kafin hutu a allo, su yi tsuru-tsuru suna kallona. Wani yaro mai kaifin kai, hannunsa duk kanta saboda riƙon kan keke, ya ce mini, "Malam, wallahi a can ina samun abin kai wa gida." Ban ga laifinsa ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

Sannan ga yadda ake rabon kuɗin. Ɗalibin kwana gwamnati na ba shi wurin barci da abinci sau uku, ko da ubansa attajiri ne. Ɗan jeka-ka-dawo abinci ɗaya yake samu, kuɗin mota kuma yana wuyan iyayensa kullum. Da yawa cikin yaranmu na zango 'yan jeka-ka-dawo ne. In kuɗin abinci ya makara daga Accra, shugaban makaranta ya koma neman bashin masara da wake, aikin karatu ya koma gefe.

An ware kashi 30 cikin ɗari na gurabe a manyan makarantu irin Prempeh da Opoku Ware domin 'yan ƙananan sakandaren gwamnati, kuma na yaba da hakan. Amma yaron da ya zo hannuna bai iya raba lamba ba, tun daga firamare aka bar shi a baya, shekara uku ba za ta ishe ni gyara shi kafin jarrabawar WASSCE ta kammala babbar sakandare ba.

Ra'ayina shi ne karatu ya ci gaba da zama kyauta ga kowa, amma mai hali ya biya kuɗin kwana da abincin ɗansa. Abin da aka rage, tare da kuɗin asusun tallafa wa ilimi na GETFund da aka kafa a 2000 domin irin wannan aiki, a zuba shi a gina azuzuwa kusa da unguwanni, da gyara firamare da ƙananan sakandaren zango, da taimaka wa ɗan jeka-ka-dawo da kuɗin mota.