Abin da ɗakin masu ciwon huhu ya koya mini a lokacin korona

Ni infirmiye ne a nan Maradi, kuma abin da ya fi ba ni tsoro a aikin korona shi ne mutum yana iya zama gabanka yana gaisawa lafiya lau har yana tambayar iyali, alhali huhunshi ya kusa gazawa. Sai ka maƙala mishi ƴar na'urar nan ta yatsa, oksimetir mai auna oksijen a jini, ka ga 82. Lafiyayye daga 95 ne zuwa sama, in ta sauka ƙasa da 90 ko numfashi ya wuce 30 a minti to ciwon ya yi tsanani, ba maganar komawa gida. Ita ma na'urar sai da lura, hajiya ta zo da baƙin lalle a yatsu sai ta ƙi karantawa daidai, lokacin hunturu kuma sai ka murza yatsan ya yi ɗumi tukuna.

Shi oksijen kafin korona ban taɓa zama na yi lissahinshi ba. Ƙaramin injin da ke tace iska lita 5 ko 10 yake badawa a minti, shi kuwa wanda huhunshi ya cika yana iya shan lita 15, ke nan sai butalin oksijen. Babban butali mai lita wajen 6,800 a haka bai kai awa 8 ba ya ƙare, mutum guda fa. Ga kuran in ya ɗauke cikin dare kowa ya kasa kunne yana jiran gurup, wato janareta, ya tashi, wallahi wanga ɗan lokaci ya fi dukkan gardin tsawo.

Abubuwa biyu masu arha sun taimake mu. Ɗaya maganin deksametazon, miligiram 6 a rana har kwana 10, wanda binciken Ingila ya nuna a Yuni 2020 yana rage mutuwa ga masu buƙatar oksijen. Su kaɗai fa, don ga mai ƙaramin ciwo ba shi da amfani, kuma yana tada suga, amma je ka gani masu tallar magani a kai suna saida shi kamar alawa. Na biyu kwanciya ruf da ciki, tana buɗe bayan huhu lambar ta hau kana kallo. Nan kuma sai ka sha fama da dattijai. Wani tsoho ya ce mini, "Ɗana, ai wagga kwanciya an hana ta." Na ce, "Baba, gaskiyarku, amma lalura ce, ku bari mu gwada ku ga lambar da idonku." Da ya ga ta tashi shi da kanshi yake kiran jikanshi ya gyara mishi matashi.

Sai maganar allura. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijar ranar 19 ga Maris 2020, rigakahi kuma ya fara ƙarshen Maris 2021 da Sinopharm ta ƙasar Sin, sannan AstraZeneca ta hanyar COVAX, shirin raba rigakahi ga ƙasashen duniya, daga baya Johnson & Johnson mai sau guda. Mutane sun gudu, kowa da muryar da ya ji a WhatsApp, wai tana hana haihuwa wai kaza. Amma ranar da mahaihinsu ke kan oksijen sai ka ji ƴaƴan suna cewa likita a yi mishi allurar nan yanzu ko nawa ne. To ba ta warkar da wanda ya riga ya kwanta, jiki na buƙatar kamar sati 2 kafin ya haɗa kariya.

Na lura cika baki ne ke ɓata mana magana. Ka ce ma mutum in ya yi ba zai kamu ba, gobe maƙwabcinshi da ya yi ya kama mura da tari, shi ke nan ka zama maƙaryaci a unguwa. Ni dai nakan ce mishi yana iya kamuwa, hannu zai yi tsami, ƙila da ɗan zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, amma aikinta ta rage yiwuwar ka zo wanga gado, musamman in akwai suga ko tansiyon ko shekaru. An fi saurarena a haka.

Abin dariya abin takaici, a 2022 da Saudiyya ta sake buɗe hajji ga ƴan waje ta ce sai da rigakahi, waɗanda sunka rantse ba su yi su ne sunka yi layi suna neman karnen rigakahi. Sai dai a shekarar an ce sai ƴan ƙasa da 65, ke nan tsofaffin da sunka fi buƙata babu abin da ke tura su. Shi ya sa duk maniyyacin da ya miƙo mini hannu sai na tambaye shi ko Baba da Inna suna gida, in suna nan ya ɗauko su a adaidaita kafin ya tashi.