Abin da ganyen tazargade ya koya mini a shekarar ƙarshe

Bincikena na kammala digiri a sashen harhaɗa magunguna a kan Artemisia annua na yi shi, 'yar'uwar tazargaden da muka taso muna gani ana jiƙawa a gida. Daga ganyenta ne Tu Youyou ta China da abokan aikinta suka ciro artemisinin a 1972, sinadarin da yau shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro.

Ganyen rowa gare shi. Yawanci sinadarin ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na busasshen ganye. Don haka da na karanta cewa a 2018 masana a Jami'ar Shanghai Jiao Tong sun sauya ƙwayoyin halittar shukar har ta ba da kashi 3.2, murna ta kama ni. Najeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya bisa huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya, kuma na yi jinyar ƙanwata da shi har sau uku a damina guda.

Na kai wa malamata takardar da zumuɗi. Ta karanta, ta ce, “Ɗana, in wannan iri ya fita daga gonar gwaji, wa zai gane shi?”

Ban iya amsawa ba. Iska ce ke ɗaukar ƙurar furen wannan shuka, kuma ido ba ya raba wadda aka sauya da wadda ba a taɓa ba. An ga irin haka a Amurka a 2002, lokacin da masarar kamfanin ProdiGene, wadda aka sauya don samar da rigakafin aladu, ta sake tsirowa a gonar waken soya a Nebraska, har aka lalata sama da tan 13,000 na waken.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai awo ne. Mai maganin gargajiya da tafin hannu yake awo, gwargwadon ƙarfin ganyen da ya gada. Ni da kaina na auna ganyen fili biyu maƙwabta, sakamakon ya bambanta, alhali iri ɗaya ne. To ina ga an sami barbara da wanda aka ninka wa ƙarfi? Wani ya sha fiye da kima, wani ya sha abin da bai isa kashe ƙwayar cutar ba, sai dai ya koya mata juriya. Wannan juriya ta fara bayyana a Kambodiya, an kuma tabbatar da ita a Ruwanda a 2020.

Shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da hanyar yis ɗin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta don a samar da artemisinin ba tare da ganye ba, wanda kamfanin magunguna na Sanofi ya fara amfani da shi a 2013, domin a cikin tanki yake, a rufe. Ita ma da nata nauyin, don manoman Madagaska da Kenya da wannan ganye suke ci.

Kafin in miƙa aikin, na leƙa kasuwa wajen wani dattijo mai sayar da tazargade. Na ce, “Baba, daga ina ake kawo muku?” Ya ce daga hannun wani yake sara, shi kuma daga hannun wani.