Kafin katafila ta iso: sana'ar kwashe tsofaffin otal-otal a Orlando

Yawancin otal-otal ɗin da ake rushewa a Orlando ba su dab da faɗuwa. Ginshiƙansu lafiya lau, da za a ƙyale su sai su ƙara shekaru masu yawa a tsaye. Lissafi ne yake kayar da su. Mai fili ya duba abin da gini mai hawa biyu ko uku yake kawo masa a shekara, ya duba abin da dogon bene zai kawo a wannan filin dai, sai ya nemi masu rusau.

Ni ɗan ƙaramin kamfani gare ni a wajen Kissimmee, kusa da Orlando, a jihar Florida ta Amurka. Ba ni da katafila, ba ni da injin da ke cizon bango. Manyan 'yan kwangila ne ke da waɗannan, mu kuma a ƙarƙashinsu muke cin abinci. Aikinmu shi ne abin da ake yi kafin injin ya zo: mu shiga otal bayan baƙon ƙarshe ya fita, mu kwashe gado da katifa da kafet, mu ciro ƙofofi da wayoyin wuta da bututu, mu bar ginin ƙwarangwal. Masu wucewa sukan tsaya su ɗauki hoton ranar da bango ya zube, amma a lokacin mu mun daɗe da gama namu.

Kafin 1971 yankin nan gonakin lemo ne da fadama da makiyayar shanu. Ranar 1 ga Oktoban shekarar aka buɗe katafaren wurin wasa da shaƙatawa na Walt Disney World, da otal biyu a cikinsa, Contemporary da Polynesian. Otal biyu ba za su ɗauki jama'ar da ke tururuwa ba, don haka duk mai fili a bakin hanya mai lamba 192, da kuma titin International Drive, ya kafa nasa masaukin. Kusan duk zubinsu ɗaya: bulo da siminti, hawa biyu ko uku, ƙofar kowane ɗaki tana buɗewa baranda, mutum ya ajiye motarsa a gindin ɗakinsa, ga wurin ninkaya a tsakar gida. Tare aka gina su, tare kuma suka tsufa. Abin da ya buɗe mana kasuwa ke nan.

A cikin harabar Disney ma haka abin yake, sai dai can kuɗin ya fi nauyi. A 2007 aka rushe ɓangaren arewa na Contemporary, ɗakuna ne masu hawa uku, aka kafa dogon benen Bay Lake Tower wanda ya buɗe a 2009. A 2017 aka ɗauke wani yanki na Caribbean Beach, otal ɗin da aka buɗe tun 1988, fiye da ɗaki 500 suka tafi, aka gina Riviera a wurin, ya fara karɓar baƙi a Disamban 2019. Abin lura shi ne Riviera bai kai yawan ɗakunan da aka rushe ba. Wanda bai san harkar ba zai ce asara aka yi. Amma sababbin gine-ginen na tsarin Disney Vacation Club ne, wanda aka fara a 1991: mutum ya sayi haƙƙin kwana na shekaru kusan hamsin, ya zube kuɗinsa tun farko, sannan ya riƙa biyan kuɗin kula da wurin duk shekara. Ka ga mai gini ya maido uwar kuɗinsa tun fenti bai dushe ba, baƙon nan kuwa ya ɗaure kansa da dawowa. Kamfanin Universal, mai irin waɗannan wuraren shaƙatawa, su ma sun rufe tsohon wurin wasan ruwa na Wet 'n Wild, wanda ke aiki tun 1977, a ƙarshen 2016, suka share filin suka dasa otal biyu na Endless Summer masu ɗaki 2,800.

Irin waɗannan manyan ayyuka ba a kiran irinmu kai tsaye. Mu namu na wajen katanga ne, otal mai ɗaki ɗari ko ɗari biyu da ya yi zamani ya gaji.

Ba a taɓa ko ƙusa ɗaya sai an yi binciken asbestos. Dokar tarayya ce: a bincika ginin, sannan a sanar da hukumar kula da muhalli aƙalla ranakun aiki 10 kafin a fara rusau. Mu da muka taso muna kwana a ƙarƙashin silin asbestos mukan ɗauki abin da wasa da farko, amma a nan babu wasa, domin ƙurarsa tana zama a huhu ta haifar da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. A ginin shekarun 1970 yakan ɓuya a feshin silin mai gurje-gurje, da ƙananan tayil na daɓe, da baƙin gam ɗin da aka manna su da shi, da abin da aka naɗe bututun ruwan zafi. In an same shi, masu lasisi na musamman ne ke zuwa, su lulluɓe wurin da leda, su jiƙa komai da ruwa, su zuba a buhuna masu alama. Mu sai dai jira. Sannan ga fenti mai dalma a ginin da ya riga 1978, ga dogayen ƙwayayen fitila masu sinadarin makuri mai guba da ba a jefawa a bola. Na'urar sanyaya ɗaki da ke maƙale a ƙarƙashin kowace taga ita ma sai mai takardar shaida ya zuƙe gas ɗinta a tukunya kafin a kai ta wajen 'yan jari-bola. Duk wanda ya ba da farashin kwangila bai karanta rahoton binciken nan ba, da kuɗin aljihunsa zai ƙarasa aikin.

Idan muka shiga, daga hawa na sama muke farowa, ɗaki bayan ɗaki, kuma kowa da abin da yake ɗauka: wannan talabijin da fitilu, wancan labule da madubi, masu ƙarfi kuma gado da durowa. A wannan lokacin ne ginin yake tona asirin kansa. Otal-otal ɗin zamanin suna son manna takardar ado mai leda a bango saboda sauƙin gogewa. A Florida kuwa iska cike take da laima. Danshi ya ratso bulo daga waje, ya tarar da bango mai sanyin na'ura, ledar ta hana shi fita. Sai ka kama gefen takardar ka ja, ta taho tun daga silin har ƙasa, ka ga bayanta baƙi ƙirin da fumfuna, wani wurin har da ja-ja, allon bangon ya yi laushi yatsa na shiga. Warin da baƙi ke ƙorafi a kai, wanda masu otal suka yi shekaru suna feshe shi da turare, daga nan yake fitowa. Haka bututun ƙarfen da ke ɗauke ƙazanta a ƙarƙashin daɓe, tsatsa ta cinye ƙasansa. In mai otal ya haɗa kuɗin gyaran waɗannan da na cika ƙa'idar gini ta jihar, wadda aka tsananta bayan guguwar Andrew ta 1992, da na gyara banɗakuna saboda masu keken guragu, sai ya ga gara kawai ya kayar.

Ribarmu a cikin kayan take, kuma ba inda mutane ke zato ba. Jan ƙarfe shi ne sarki: wayoyin wuta, bututun ruwa, da cikin na'urorin sanyi. Bayansa sai alminiyon na tagogi da makaran baranda, sai tagullar famfo, sai kayan kicin na baƙin ƙarfe mara tsatsa, waɗanda masu buɗe ƙananan gidajen abinci ke rububi. Shi ya sa abu na farko da nake nema a takardar kwangila shi ne na wa ne ƙarfen, nawa ko na babban ɗan kwangila. Shi ya sa kuma otal da aka rufe ba ya kwana babu mai gadi, don ɓarayin waya suna iya yashe gini guda cikin 'yan darare, su bar maka ruwa na malala.

Kayan ɗaki kuwa ciwon kai ne. Durowa ɗaya mai kyau ana saye da murna, amma durowa ɗari biyu iri ɗaya a mako guda ba mai ɗagawa. Mukan buɗe gwanjo a harabar otal ɗin, ɗalibai da sababbin ma'aurata da masu gidajen haya su tsinci abin da za su tsinta, majami'u da masallatai su kwashi kujeru, saura kuma mu biya a kai juji, inda ake auna mota a caje ka kan kowane tan. Katifa ce mafi sharri. Ga cin wuri a mota, ga tsoron kuɗin-cizo, kuma ni ba na sayar wa mutum abin da ba zan kwantar da 'ya'yana a kai ba.

Wani ƙanena da ke harkar kayan gwanjo a Kano ya taɓa ganin hoton firji ƙanana jere a baranda, nan take ya bugo.

"Yaya, wannan duk zubarwa za ku yi? Don Allah ka cika mini kwantena ɗaya, in ya iso mu raba riba."

Na ce masa, "Kai dai tsaya ka ji. Wutar nan 120 ce, ta gida 230, kowane ɗaya sai an haɗa masa tiransifoma. Tsohon firji da tsohuwar na'urar sanyi kuma suna cikin kayan da kwastan suka haramta shigarwa Najeriya. Ka ɗora kuɗin jirgi da na fito a Legas, ka gaya mini me ya rage."

Ya yi shiru, can ya ce to a tura masa labule da zannuwan gado. Waɗannan kam suna tafiya, ba su da nauyi kuma na otal akwai ƙarko.

Bayan mun fita ne injin ke shigowa. A gini mai hawa biyu ko uku ba a sa nakiya, wannan sai dogayen benaye, su ma ba kullum ba. Injin yana ci daga gefe guda, mutum na tsaye da tiyo yana fesa ruwa don kada ƙura ta tashi. Ana zare rodi a sayar, a niƙa kankaren a shimfiɗa a ƙarƙashin titi ko filin ajiye motoci, sau da yawa a wannan filin dai. Wurin ninkaya ma sai an fasa shi an cike ramin an daddaɓe, in ba haka ba sabon ginin zai zauna a kan kogo.

Wahalar da ta bambanta aikin nan da sauran rusau ita ce maƙwabta. Sau da yawa rabin otal ake rushewa, ɗaya rabin cike da iyalan da suka yi shekara suna tara kuɗin hutu. Ba a yarda ka tayar da inji da sassafe ba, ba a yarda motar tarkace ta bi ta ƙofar baƙi ba, kuma a kewaye wurin da allunan da aka yi wa fenti don kada yaro ya hango ɓaraguzai. Ga zafi. Daga Yuni zuwa Satumba kusan kullum da la'asar hadari ke haɗuwa, tsawa ta kore mu daga rufi, sa'o'in aikin su tsuke ta gaba da baya. Yarana yawanci 'yan Puerto Rico ne da 'yan Haiti, sun san wannan rana, amma duk da haka ruwan sha da ƙanƙara suna cikin lissafina kamar man mota. Kuɗin aiki kuma ba ya zuwa da wuri. Babban ɗan kwangila yakan riƙe wani kaso, sau da yawa kashi 10 cikin 100, sai an gama komai, alhali ni duk Juma'a sai na sallami ma'aikata, ga inshora da ba ta san uzuri ba.

Akwai ɓangaren sana'ar da ba na jin daɗinsa. A kan hanyar 192, da yawa daga tsofaffin masaukan nan sun daina ganin 'yan yawon buɗe ido tuntuni. Iyalai ne a ciki, masu biyan kuɗin mako-mako saboda ba su iya tara kuɗin ajiya da na watan farko da gidan haya ke nema. Da yawansu su ne masu gyara gadaje da wanke kwanuka a manyan otal-otal. Motar makaranta har ƙofar masaukin take tsayawa. Idan aka sayar da irin wannan wuri, ɗakin da muke shiga ba na baƙo ba ne: ga tukunyar lantarki a kan durowa, ga zanen yara manne a ƙofar banɗaki, ga layukan biro a jikin bango inda ake auna tsayin yaro. An ce faɗuwar wani tashin wani, to a nan mu ne masu tashin. Abin da na ɗora wa kaina shi ne ba na karɓar aiki sai na zaga na tabbata kowane ɗaki ba kowa, kuma duk takardu ko hotuna ko magani da muka tsinta mukan tara a kwali mu rubuta lambar ɗakin, mu ajiye a ofis har mu tashi.

'Yan shekarun nan wasu masu saye sun daina rushewa. Sukan sa mu kwashe cikin ginin tas, su fasa bango tsakanin ɗaki biyu, su sa ɗan kicin, su mai da masaukin gidajen haya na wata-wata. A ganina wannan ya fi dacewa da ginin da ƙashinsa ke da lafiya, ko da yake kuɗin hayar sabon wurin yakan fi ƙarfin waɗanda aka tasa daga cikinsa. Ga irinmu kuma aikin ya fi yawa ya fi laushi, don dole a kiyaye bututu da wayoyin da za a sake amfani da su, wato jan ƙarfen da nake dogaro da shi yana zama a bango. Yanzu in aka kira ni irin wannan aiki, farashin ƙwadago nake ɗagawa, in cire ƙarfe daga lissafi gaba ɗaya.