Fom ɗinmu ba shi da gurbin damina

Shekara ta bakwai ke nan ina riƙe da sha'anin ma'aikata a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da ke da sito a Ijora, nan Legas. Ɗaukar aiki, albashi, hutu, horo, sallama, duk a teburina suke faɗowa. Mafi yawan 'yan dakonmu da masu gadi da yaran mota 'yan Arewa ne, daga Sakkwato, Zamfara, Katsina da Jigawa. Ranar da aka ɗauke ni, manaja ya ce tunda yarenmu ɗaya, ni zan iya da su. Ni ma haka na zata. Abin da ban lissafa ba shi ne a Agege aka haife ni, a nan na tashi, gona kuwa sai dai in hango ta tagar mota idan za mu gida da Sallah.

Watan Yuni na shekarar farko, cikin mako biyu mutum tara suka ɓace. Ba takarda, ba sallama. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi wata 3 zuwa shekara 2 yana ba da notis na mako guda kafin ya bar aiki, wanda ya yi shekara 2 zuwa 5 mako biyu, daga shekara 5 zuwa sama wata guda. Na haddace wannan tun a makaranta, har na liƙa shi a allon sanarwa da Hausa da Turanci. Sai na zauna na rubuta wa manaja rahoto shafi uku cewa mutanenmu ba su da riƙon aiki. Allah ya rufa asiri, kafin in miƙa na biya ta wajen helmanmu, wani dattijo Basakkwace da ya daɗe a Ikko tun kafin in yi wayo. Na same shi zaune kan buhun shinkafa yana ɓantarar goro.

"Baba, yaran nan naka gudu suka yi?"

Bai ɗago ba. "Malam, ba gudu suka yi ba, ruwa ya sauka. Gero ba ya jiran notis. Wanda bai yi shuka da ruwan farko ba, shekara guda zai yi yana awo a kasuwa, albashinka kuwa ba ya ciyar da gida mai mutum goma sha biyar da awo."

Na ce to me ya hana su faɗa mini? Ya ce da sun faɗa, me zan ce? Na yi shiru, domin na san amsar: hutun shekara da doka ta tilasta kwana 6 ne bayan wata 12 na aiki. Daga Legas zuwa Sakkwato tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, zuwa da dawowa kaɗai sun cinye rabin kwanakin. Mutumin da ya san za a ce masa a'a, ba ya tambaya. Su a wurinsu cin rani suka zo, kamar yadda iyayensu suka riƙa zuwa Kurmi. Mu ne muka rubuta "ma'aikacin dindindin" a fom, ba su ba.

Na yaga rahoton, na rubuta wani. Na nemi a ba da hutun damina ba biya, a riƙe wa mutum gurbinsa, a raba tafiyar kashi biyu don kada sito ya zama kango: wasu su je shuka da noman farko, wasu su je girbi. Manaja ya ce nan kamfani ne, ba gandu ba. Ban yi masa jayayya ba, lissafi na kai masa. Sabon ɗan dako bai san yadda ake jera katon ba, bai san wane kaya ke ƙasa wane ke sama ba, a makonsa na farko ko ya fasa jarkar mai ko ya ji ciwo a baya. Tirelar da tsofaffin hannu ke saukewa kafin la'asar, sababbi sai bayan isha. Da ƙyar ya yarda a gwada. Ba kowa ke dawowa ba har yanzu, amma wanda zai tafi yakan shigo ofis ya faɗa, kuma na san wanda zan jira.

Batun samo ma'aikata ma da makarantarsa. Sanarwar da muke liƙawa a ƙofa ko mu tura a WhatsApp ba ta taɓa kawo mana wani na kirki ba. Mutum yana zuwa ne ta hannun ɗan'uwansa. Fom ɗinmu kuma yana neman wanda zai tsaya wa mutum, mai gida nasa ko ma'aikacin gwamnati. Ina yaron da ya sauko daga motar tumatir a kasuwar Mile 12 jiya, yana kwana a rumfar ɗan garinsu, zai samo wannan? Muka koma karɓar shaidar tsofaffin ma'aikata. Ta yi aiki, amma tana da ƙaya. Waɗanda suka zo tare, tare suke tafiya: ka saɓa da ɗaya, gobe 'yan garinsu shida ba su fito ba. Na kuma taɓa gano wani da ke yankar rabin albashin farko na duk yaron da ya kawo. Na sallame shi, kodayake har yau ina zargin ba shi kaɗai ba ne.

Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Apapa da Surulere da Ikeja, matasa suka cika ƙofarmu. Muka ce kakarmu ta yanke saƙa. Wata biyu ba a yi ba yawancinsu sun watse. Wanda ya saba kullum da magariba kuɗi na aljihunsa, ka ce ya jira ƙarshen wata? Sai da muka koma biyan 'yan dako mako-mako sannan abin ya lafa.

Daga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur, lissafin ya sake rikicewa. Duk ƙarin da muka yi, kuɗin danfo, motar hayar Legas, ya lashe. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000, gwamnatin Legas ta ce nata ma'aikatan 85,000. Kafin takarda ta iso ofishina sun ji a rediyo. Mun yi ƙari, dole. Amma abin da na ga ya fi riƙe mutane shi ne ɗaki biyu da muka gyara a bayan sito don kwana, da abincin rana, da sakin kowa ya je Juma'a ba tare da an yanke masa awa ba. Fansho kuwa, da dokar 2014 ta ce a cire kashi 8 daga ma'aikaci kamfani ya zuba 10, da fari sata suka ɗauke shi. Wani ya ce mini, "Oga, kuɗin da sai na shekara 50 zan gani, wa ya ba ni tabbacin gobe?" Bayani bai shige shi ba sai da saƙon kuɗin ya faɗo a wayarsa da sunansa.

Inda na fi shan kunya shi ne horo. Akwai wani yaro Bakatsine, ɗan dako, da na lura yana rubutu a kan yagaggen kwali da ajami. Lissafin duk kayan da suka fita ne. Ranar da takardar sito ta saɓa da ta direba, kwalinsa ya raba gardama. Bai da takardar boko ko ɗaya, ta allo ya yi. Kamfani dama yana zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, kuma ana iya karɓo har rabin kuɗin idan an yi horon da suka amince da shi. Shekaru muna biya ba mu taɓa nema ba. Na tura shi ya koyi tuƙa motar ɗaga kaya, na kuma zaunar da shi gaban kwamfuta da yamma yana koyon shigar da kaya. Cikin 'yan watanni yana aikin mutum uku.

Albashinsa kuwa yana nan na ɗan dako. Kullum ina cewa sai kasafin sabuwar shekara. A raina ma ina ganin ai na yi masa alheri, godiya ce ta rage. Wani kamfani a Apapa ya ba shi ninki biyu. Na yi fushi, na ce da Baba an yi mini butulci. Ya ce, "Malam, ka koya wa doki gudu, ka bar shi da harawar jaki."

Ran Litinin yaron ya shigo ofis, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya gaishe ni, ya ajiye wata takarda a ninke. Notis ne na mako biyu cif, yadda na liƙa a allo. Da ajami ya rubuta. Na juya ta, na sake juyawa, ban iya karantawa ba, sai da na aika a kira Baba.