Neman biyan bashi wurin wanda ya girme ka

Kasuwancin albasa a Akra, babban birnin Ghana, kan bashi yake tafiya. Mota za ta taso daga Galmi ko Madawa a Nijar, ta ratso Burkina Faso, ko ta biyo ta Benin da Togo, ta sauke kaya a Adjen Kotoku, inda gwamnati ta mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Kafin la'asar an raba buhuna ga masu sari da matan da ke kasawa a Makola, Nima, Madina da Kaneshie. Mafi yawansu ba da kuɗi a hannu suke ɗauka ba, sai sun sayar su kawo. Aikina a rumfar Kawu shi ne riƙe littafi: wa ya ɗauka, buhu nawa, yaushe zai biya. Rubutun ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da alkawari ya cika, kuɗi bai zo ba, kuma mai sunan nan sa'an mahaifinka ne, sahu ɗaya kuke tsayawa a masallacin unguwa.

Ana yawan kiran jan ƙafa wajen zuwa karɓo bashi lalaci, ni ban yarda ba. Yaron da ya wuni yana sauke buhuna tun asuba ba malalaci ba ne. Amma ka ce masa ya je ya tuna wa Alhaji kuɗin makon jiya, nan take zai tuna rumfa na son shara, wayarsa ba caji, kuma ai yau Juma'a ce, a bari sai Litinin. Nauyi yake ji. A zango an raine mu kan cewa ƙarami ba ya ɗaga ido ya dubi babba, balle ya tambaye shi kuɗi. Tarbiyya ce mai kyau, sai dai ba wanda ya zaunar da mu ya nuna mana yadda ake haɗa ta da littafin bashi.

Shekarar 2022 ce ta sa wa wannan kunyar farashi. A watan Janairu dala ɗaya ba ta wuce sidi 6 da 'yan kai a kuɗin Ghana ba, kafin Nuwamba ta haura sidi 13. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Mu kuwa da sefa muke sayen kaya a Nijar, mu sayar da sidi a nan. Bashin da aka ɗauka a Agusta, in an biya shi a Nuwamba cif-cif ba ragin ko sisi, ba zai ƙara cika motar da ya fito daga cikinta ba. Na ga rumfunan da suka rufe a shekarar, ba don an cinye musu kuɗi ba. An biya su, amma a makare, saboda ba wanda ya iya buɗe baki da wuri.

A wurin Kawu na ga yadda ake yi. Ba ya kiran waya kan babban bashi, da ƙafarsa yake zuwa. Ba ya zuwa a gaban jama'a: ko bayan sallar asuba a ƙofar gida, ko da sassafe kafin kasuwa ta cika. Yana yin gaisuwa cikakkiya, iyali, jiki, yaran da ke makaranta, ba ya datse ko ɗaya. Sannan ya ce, "Alhaji, mai kaya ya kira daga Galmi. Buhu 20 ɗin nan na ranar Talata, yaya za mu yi?" Daga nan sai ya yi shiru, ya ci gaba da jan carbinsa.

Shirun nan ya fi komai wuya. Mai jin tsoro ba ya iya jure shi. Da ya ga dattijo ya sunkuyar da kai, sai ya fara, "Ai ba komai, Baba, ba gaggawa, duk lokacin da Allah ya hore." Ya kwance abin da ya ɗaura da bakinsa, ya koma gida yana ganin ya yi magana, alhali hutun wata guda ya ba da. Kawu yakan jira. Kuma kusan kullum wanda ake bi bashin ne ke cike gurbin: ko ya shiga ɗaki ya fito da rabi, ko ya faɗi abin da ya faru, ruwa ya taɓa kayan, ko matarsa na kwance a asibiti.

Abin da ya rage mini fargaba ke nan. Ba faɗa ake zuwa yi ba, zuwa ake a san wane iri ne a gabanka. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ce wanda ke cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi, kuma aya mafi tsawo a cikinsa, ta 282 a surar, kan rubuta bashi take. A hadisi kuma an ce jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci ne. Mutum biyu ne daban, hukuncinsu daban, amma a littafina layinsu iri ɗaya ne. In ban je ba, sai in zauna ina ƙullatar wanda ya cancanci tausayi, ina kuma kyauta wa wanda ke juya kuɗinmu a wata harkar. Ban taɓa zuwa wurin wanda ya manta ana binsa ba. Duk sun sani. Wasu ma sauya hanya suke yi don kada mu haɗu, zuwan nawa sai ya zame musu sauƙi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Akwai wayar da ta fi wannan ɗaci: kiran mai kaya a Nijar ka ce masa albasarsa ta iso a ruɓe. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, ta rufe iyakoki, motoci sun yi kwanaki a tsaye cikin damina, kaya na tsiro a buhu. A nan ba a jira a gama lissafi. Tun ana kwance igiya ake kiransa ta bidiyo a WhatsApp, a farke buhu a gabansa, ya ga ruwan da ke ɗiga da idonsa. Wanda ya bari sai dare don ya tsara kalamai, direba ya riga shi ba da labari, kuma duk abin da ya faɗa daga baya da zargi za a saurare shi.

Ni dai ga yadda nake yi yanzu. Sunan da na fi ƙin gani a littafi, shi nake fara nufa, kafin in sha koko. Ina rubuta adadin da ranar a 'yar takarda, don kada gaisuwa ta yi tsawo har lambar ta narke a bakina. Ina gaya wa Kawu inda za ni, saboda na san zai tambaya in na dawo. Kuma ba na tashi sai an sa rana, ko da kaɗan-kaɗan ne za a riƙa turowa ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Faɗuwar gaba kam tana nan, har yau ina jin ta a bakin ƙofa.

Surukai ne kawai ba ma zuwa da kanmu. Wannan ko Kawu ba ya yi. Dattijo ake nema wanda ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, a ba shi adadin a rubuce, ya je ya dawo da amsa. In abin ya gagara, sai a kai wa shugabannin 'yan albasa, a zauna, a buɗe littafi, a raba kuɗin kashi-kashi zuwa saukar mota ta gaba.