Jirgi biyu, mota uku

Laraba.

Kawu ya kira da hantsi. Surukarsa ta Warri ta sauka ranar Lahadi, suna Lahadi mai zuwa, shi kuma bayansa ba zai ɗauki zaman mota daga Kano har can ba. Wai in yankar masa tikitin jirgin ƙasa, guda ɗaya, Kano zuwa Warri, kujerar gefen taga.

Na ce, “Kawu, ai babu wannan tikitin.”

“Har ya ƙare?”

“Ba a taɓa yin sa ba ma. Jirgi biyu za ku hau, mota uku.”

Sai ya yi shiru, na ɗauka ma sabis ne ya ɗauke.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne sababbin layukan dogon ƙasar nan guda uku ne, kuma babu wanda ya haɗu da ɗan uwansa. Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, an buɗe shi a 2016. Itakpe zuwa Warri, sama da kilomita 300, a 2020. Legas zuwa Badun a 2021. Kowanne da tikitinsa da jadawalinsa, babu jirgin da ke jiran fasinjan wani. Tsohon dogon da ya ratsa Kano kuwa faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon 1,435, don haka taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Shi ya sa mai shirya doguwar tafiya ba jirgin ne ke cin lokacinsa ba, giɓin da ke tsakani ne.

Ga yadda na tsara masa. Alhamis da yamma mota zuwa Kaduna, ya kwana wurin Inna a Tudun Wada. Wanda ya ce zai taso daga Kano da asuba ya kama jirgin safe a ranar, caca yake yi: motar Kano a Kawo take sauke mutane, tashar jirgin kuma tana Rigasa, can yamma da gari, sai an keta cunkoso a adaidaita sahu. Juma’a da safe jirgi daga Rigasa, ya wuce Rijana da Jere, awa biyu da wani abu. An yi sa’a ma, ranar Juma’a turmutsutsun yana kan masu barin Abuja ne zuwa gida, shi kuwa kishiyar hanyar zai bi. Da Litinin da safe ce, da kujerar sai an yi da gaske.

A Abuja, tashar Kubwa zai sauka, ba ta Idu ba. Wannan na maimaita masa har ya ce ya ji. Idu ce ƙarshen layi, shi ya sa kowa ke zaɓenta ba tare da tunani ba, amma mai neman hanyar Lakwaja Kubwa ta fi masa, don Zuba na kusa, nan ne tashar motocin da ke bi ta Gwagwalada, Kwali, Abaji, Kotonkarfe, a haye gadar Kwara a Jamata. A kwana a Lakwaja. Asabar a kama hanyar Okene zuwa Itakpe da wuri.

Me ya sa tashar Itakpe ke can a bayan gari? Don ba saboda fasinja aka fara shimfiɗa layin ba. A 1987 aka soma shi domin jigilar tama daga ma’adinar Itakpe zuwa masana’antar ƙarafa ta Ajaokuta da ta Aladja. Mutane daga baya suka shigo lissafi. Haka ƙarshensa ma, Ujevwu, yana ƙaramar hukumar Udu ne, ba cikin Warri ba. Daga Agbor Kawu zai kira Yaya Babba ya taso da mota, kafin a wuce Abraka yana hanya.

Sai sayen tikitin kansa. Tun da aka dawo da jirgin Kaduna a Disamba 2022, bayan harin 28 ga Maris na shekarar, ana neman lambar NIN. Sunan da ke tikiti dole ya zama daidai da na katin shaida, harafi da harafi. Mu kuwa mutum ɗaya Muhammad ne a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Mamman a gida. Abin da ke kan takardar NIN shi za a kwafa, ba abin da aka saba kira ba. Don wannan dalilin ne sayen tikiti a hannun ’yan cuwa-cuwa na bakin tasha ya zama asara biyu: ka biya ninki, kuma sunan wani ne a jiki.

Ba a buɗe sayarwa tun da nisa, sai tafiya ta matso, saboda haka komai ya zama a shirye kafin a zauna: an yi rajista a shafin intanet na sayar da tikitin, imel yana buɗewa, katin banki na da kuɗi, wayar da lambar sirri ta banki ke shigowa tana hannu da caji. Yawancin kujerun da ke suɓuce wa mutane a nan suke suɓucewa, ana neman wayar tsohon da ya tafi masallaci da ita a aljihu, lokacin biya ya ƙare. In kuma an cire kuɗi, alat ya shigo, tikiti bai fito ba, kada a yi saurin sake biya. A duba imel, har akwatin tarkace, a duba jerin tikitocin da ke asusun. Sau da yawa yana can. In babu, a ajiye alat ɗin, a sake saye in akwai hali, mayar da kuɗin kan ɗauki kwanaki. Idan ya fito a ɗauki hoton lambar QR a ajiye a waya, a kuma buga a takarda, don tsoho ba zai tsaya laluben intanet a bakin ƙofa mutane na tura shi ba.

Tsarin saye: na Itakpe shi ne ginshiƙi, in babu shi duk sauran ba su da amfani. Kafin a biya ko sisi a tabbatar jirgin yana aiki a makon, don layi kan tsaya saboda gyara ko matsalar kan jirgi, kuma jadawalin da wani ya turo a WhatsApp wata shida da suka wuce ba hujja ba ne. A isa tasha da kamar awa guda, akwai binciken kaya. Jaka ɗaya mai taya, ba buhun gero da Kawu ke niyyar kai wa mai jego ba. Wannan ya bi motar kaya.

Duk na gama zuba wannan ina jin daɗin kaina, sai ya ce, “To ɗan nan, Allah ya yi albarka. Amma mu a zamaninmu a Kano kake shiga da tabarmarka da butarka, ka wuce Zariya, Minna, Jabba, Ilori, ba ka sauka sai Iddo. Yanzu an ce an ci gaba, amma sau nawa zan sauke jaka?”

Ina da amsa. Wancan jirgin sai an kwana a cikinsa, in ya makara kuwa sai dai haƙuri, babu na’urar sanyi, kuma bai taɓa zuwa Warri ba. Ban faɗa ba. Ba don kunya kaɗai ba, don abin da yake nufi gaskiya ne. Dogo ya iso Kano tun 1911. Yana zuwa Nguru, yana zuwa Ƙauran Namoda, daga Kaduna ya bi Kafanchan har Fatakwal, a 1964 ya kai Maiduguri. Mai gyaɗa da mai shanu da ɗan makaranta duk sun san jirgi a matsayin abin da ke haɗa gari da gari. Yau taragai masu sanyi da kujeru masu laushi, amma Bakano ba zai hau su daga gida ba. Ana aikin Kaduna zuwa Kano, ana aikin Kano zuwa Maraɗi, mun ga gadoji da tulin tsakuwa a hanya. Kawu ya haura saba’in. Tun la’asar nake wannan lissafin da bai kamata in yi ba.

Wuta ba ta zo ba. Shinkafa da wake, mai da yaji. Su Auta sun dame ni da maganar ankon suna, na ce su tambayi uwarsu.

Bayan isha na ce a turo mini hoton takardar NIN ɗin Kawu don in cike komai kafin gobe. An turo. Babban yatsan mai ɗaukar hoton ya rufe lambobi uku na ƙarshe, wayarsu kuma a kashe.